Ya Tsayar Da Ni A Gindin Taswira

Ustaz Yousef ya ci amanar gidanmu. Ba zan sakaya sunansa ba, ba kuma zan nema masa uzuri ba. Ya zauna a tabarmar mahaifina, ya sa hannu a kwanonmu tun daga tsakiyar sanyi har zafi ya shigo, ya ce yana so na, sannan a gaban jama'a ya nuna ni da sanda kamar yadda dillali yake nuna raƙumi. Ku 'yan matan da kuke turo mini saƙo kuna cewa ai ƙila yana da dalilinsa, ku karanta wannan shafin har ƙarshe, sannan ku kawo mini dalilin in gani.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarin: sunana Zuliha. A Sabha aka haife ni, a unguwar Jadid, a nan na yi makaranta har na gama sakandare. Babana Barka mutumin Agadas ne, direban babbar mota mai ratsa hamada. Innata Safia 'yar Damagaram ce. Ni kuwa ban taɓa ganin Nijar ba sai a littafin labarin ƙasa, wata ƙasa mai launin rawaya a ƙarƙashin Libya. A shekarun nan da nake ba ku labari, duk inda ka juya a Sabha taswirar Afirka ce: a allon bakin titi, a jikin motocin gwamnati, a bangon littafin 'yan makaranta. Rediyo safe da yamma maganarsa ɗaya, Afirka ƙasa ɗaya ce, mu duka 'yan'uwa ne. Baba idan ya ji sai ya rage murya, ya ce 'yan'uwantakar tana ƙarewa ne a shingen da ɗan sanda zai tambaye ka ikama, wato takardar izinin zama.

Yousef malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wata makarantar da ke bayan kasuwa, ɗan asalin Sabha, yana kuma ƙarin karatu a jami'a a kan tsofaffin hanyoyin fatake. Tasha ya je yana neman wanda ya san hanyar kudu, aka nuna masa Baba. Baba ya ga hayaniyar tasha ba za ta bar su su yi magana ba, ya kawo shi gida. Daga nan ya zama kullum Juma'a bayan la'asar sai ka ji sallamarsa. Ya shimfiɗa taswirarsa a tsakar gida, ya danne gefunanta da kofunan shayi, Baba yana bi da yatsa: Gatrun, Tajarhi, Tummo, Madama, Dirku, Bilma. Yana jin Hausa, irin ta kasuwa, amma tana da wani tsohon ɗanɗano. Ya ce a wurin kakarsa ta wajen uwa ya fara jin ta, wata tsohuwa da ake kira Ouma, wadda aka kawo daga kudu tana ƙarama. Ya ce tunda ta rasu Hausa ta mutu a gidansu, mahaifiyarsa ko kalma ɗaya ba ta sani ba.

Ni nake kawo shayin. Na farko mai ɗaci da kumfa, na biyu da na'ana'a, na uku da gyaɗa. A na uku ne wata rana ya tambaye ni babban birnin Chadi da ƙasashen da suka raba tafkin Chadi, kamar wasa. Na lissafa masa su, na ƙara da shekarar da Faransawa suka bar Fezzan, yankin da Sabha take. Ya ɗago ya dube ni. Sati na zagayowa ya zo wa Inna da turare, ya zo mini da mayafi da 'yar ƙaramar waya, ya miƙa su a gaban Baba.

A wurinmu wannan magana ce ta fito fili. Namijin da ya zo gida, ya ci, ya kawo wa yarinya kyauta a gaban ubanta, manemi ne. Baba ya ce masa ya turo manyansa. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce a al'adarsu mata ne suke fara zuwa, uwa da 'yan'uwa mata su ga yarinya, sai bayan nan maza su shigo. Ya roƙi a ba shi lokaci ya shirya mahaifiyarsa. Baba ya yarda, don ya san haka mutanen garin suke yi.

Saƙonni kuwa ba a magana. Wayar tana ƙarƙashin filona, tana ƙugi kamar ƙwaro. Ɗaya daga ciki har yau ina iya karanto shi da ka:

"Yau na koya wa yara yadda Turawa, bayan taron Barlin, suka ja layi tsakanin ƙasarki da ƙasata. Ni zan goge layin nan da hannuna."

Daɗi ya rufe ni har ban tsaya a kan kalma ɗaya ba: ƙasarki. Ni da aka yanke cibiyata a asibitin da ke kusa da makarantarsa.

A gida kuwa lokaci yana ƙurewa. Idon Baba ya fara rauni, ya gama ginin 'yan ɗakuna a Agadas, ya yanke cewa tafiyarsa ta ƙarshen bazara ita ce ta ƙarshe, kuma da iyalinsa zai tafi. Abu biyu ya ajiye a gabana. Idan mutanen Ustaz sun zo kafin a ɗaure kaya, zai aurar da ni in zauna a garin da na sani. Idan ba su zo ba, in hau mota. Bai yi mini tsawa ba, bai kuma ce dole ba. Ya ce dai ba zai bar 'ya mace ba aure ba takarda a garin mutane ba.

Inna ita zuciyarta tana wajen Sabiru, wani tela Bakano mai shago a kasuwar Jadid. Ya daɗe da aiko da maganarsa ta bakin limamin masallacinmu, kuma ya ce duk inda Baba ya nufa zai naɗe kekensa ya bi. Mutum ne mai ƙarancin magana, kullum da tsinken allura a gefen baki. Inna tana tankaɗe tana yi mini mita.

"Shi wannan na taswira, yaushe uwar tasa za ta zo? Ko a raƙumi take tahowa daga Tarabulus ai da ta iso."

"Inna, yana shirya ta ne."

"Shirya ta? Amarya ce ita?"

Sai ga watan Mayu, makarantarsu za ta yi bikin Ranar Afirka, manya daga ofishin ilimi za su zo. Yousef ya ce zai yi abin da ba a taɓa gani ba: taswirar hamada a ƙasa, a filin makaranta, da yashi na gaske, mutum ya iya zagaya ta da ƙafa. Ya ari kantun gishirin Bilma a wurin Baba. Ya ari baƙin zanen Inna na rinin Kano, mai sheƙi, wanda ba ta fito da shi sai da babban dalili. Sannan ya turo mini saƙon da ya hana ni cin abinci:

"Mahaifiyata za ta zo bikin. Ki sa kayan Hausa, mafi kyau. Ina so ta gan ki a ranar da nake da daraja. Daga can ƙila mu wuce gidanku."

Na kai atamfata shagon Sabiru, don babu telan da ya kai shi hannu a Jadid. Shuɗiya ce mai zanen ganye ruwan zinariya. Ya juya ta, ya tambaye ni ta biki ce. Na ce ta bikin makaranta ce. Ya cire allurar daga bakinsa ya ce ya ji labarin bikin, sannan ya karɓi awon da Inna ta aiko da shi, ya ce in aiko ranar Laraba. Da aka kawo ɗinkin, riga da zane da ɗankwali, ya yi wa wuyan aikin zare da hannu wanda ban ce ya yi ba. Ban san inda zan sa idona ba.

Inna duk mitarta ita ta zauna ta yi mini lalle, ta yi mini kitso ƙanana, ta ciro 'yan kunnenta na azurfa na Agadas daga ƙasan akwati. Ran bikin ta ce ba za ta je ba, za ta tsaya ta gyara ɗaki. Ta shimfiɗa sabuwar darduma, ta sa turaren wuta, ta saya almon mai tsada don shayin baƙi maimakon gyaɗa. Baba yana tasha wajen lodi.

Gaskiya taswirar ta yi kyau, ba zan hana shi wannan ba. Bahar Rum da shuɗin leda a bakin ƙofar makaranta, Tarabulus a gefensa. Jan yashi ga rairayi, baƙaƙen duwatsu ga tsaunuka, dabino a Murzuk, gishirin Baba a Bilma. Hanyoyi biyu da farin igiya, ɗaya ta Bilma zuwa Barno, ɗaya ta Gat da Agadas da Damagaram zuwa Kano. A kowane gari an tsayar da mutum da kayan wurin. Can ƙarshen fili, jikin katanga, inda inuwa ba ta kai ba, ga zanen Inna a shimfiɗe a matsayin Kano.

Yousef ya taho da sauri cikin farar riga da falmaran, ya ce da ni in tsaya a kan Kano na ɗan lokaci, yarinyar da za ta tsaya ba ta zo ba. Na yarda. Daga baya na gane babu wata yarinya. Ni ce tun farko.

Rana ta take. Manya suka zauna a ƙarƙashin rumfa, ya ɗauki lasifika da doguwar sanda, ya fara daga teku yana gangarowa. Ya iya magana, Allah ya ba shi wannan. Ya yi bayanin Turkawa, da Italiyawa, da Faransawan da suka zauna a kagarar kan tudun Sabha. Ya zagi masu jan layi a kan ƙasar mutane, aka tafa. Da ya iso kaina ya lissafa abin da fatake suke ɗaukowa daga kudu: jar fata, gashin jimina, hauren giwa, rinannen zane. Ya ƙara da cewa, da kuma bayi. Sandar tana kaina lokacin da ya faɗa. Sannan ya ɗaga murya ya ce wancan zamanin ya wuce, yau 'yan'uwanmu Afirkawa baƙinmu ne masu daraja, ga ɗaya daga cikinsu ta zo mana da kayan ƙasarsu. Aka tafa sosai. Wani ya ɗauki hoto.

A cikin masu tafin akwai malamar da ta koya mini nahawun Larabci. Ta gane ni, ta kawar da kai.

Duk da haka ban motsa ba. Na ce a raina wannan na manya ne, namu yana zuwa. Ku ga yadda so yake mayar da mai hankali.

Da aka watse ana zagaya taswira, sai ga shi da mata biyu. Dattijuwa cikin baƙar abaya, fuskarta ba ta fi tawa haske da yawa ba, ita ce Hajja Fatma mahaifiyarsa. Ɗayar budurwa ce, awarwaron zinariya har gwiwar hannu, tana riƙe da jakar dattijuwar. Hajja Fatma ta kama bakin rigata tana duba aikin Sabiru, ta tambaye shi da Larabci 'yar wace ce wannan.

"'Yar wani direba ce da ya taimaka mini," in ji shi. "Ba ta jin Larabci sosai."

Ni da na zo ta ɗaya a Larabci a ajinmu.

Dattijuwar ta ce yarinyar tana da tsabta, ya tambaye ni ko ina neman aiki, don bayan bikinsa da Ilham a kaka gidansu zai buƙaci mai wanki da shara. Budurwar ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ilham ke nan, 'yar baffansa.

Ban faɗi ba, ban yi kuka ba. Na dube shi na yi magana da Hausa a hankali, yadda muke yi a kasuwa idan ba ma so mai kanti ya ji.

"Ustaz, fassara mini mana. Wannan ce ganin da ka ce za ta yi mini? Innata tana gida ta shimfiɗa darduma tana jiran ta."

Ya faɗaɗa murmushi kamar mai yin tafinta, ya amsa da Hausa.

"Don Allah Zuliha ki rufa mini asiri. Ki yi murmushi. Wannan auren gida ne, ba da sona ba. Ke nake so, zan yi miki bayani da yamma."

Ya juya ga mahaifiyarsa ya ce da Larabci: ta ce ta gode, tana da aiki a wani gida.

Hannun Hajja Fatma ya saki rigata. Ba ɗanta ta kalla ba, ni ta kalla, tun daga ɗankwali har lallen ƙafata. A lokacin na ɗauka haushi ta ji an ƙi aikinta.

Na juya wajen Ilham, na yi mata fatan alheri da Larabcin Sabha tsantsa, irin na 'yan unguwa, na ce Allah ya sa ta san wanda za ta aura. Na duƙa na naɗe zanen Innata. Ƙofar makaranta tana arewa, ni ina kudu, ban ga dalilin zagayawa ba. Na bi ta tsakiyar taswirar, na tsaya a Bilma na ɗauki gishirin Babana na rungume, na taka Murzuk, na taka Sabha, na fita ta teku.

A gida Inna ta ga kantu a hannuna, ta ga fuskata. Ta kashe turaren wuta, ta naɗe darduma. Da Baba ya dawo ni na gaya masa da bakina, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya saurara yana kallon ƙasa. Abin da ya tambaya kawai shi ne, da gaske da sanda ya nuna ni? Na ce e. Ya tashi ya yi alwala.

Wayar ta yini tana ƙugi. Na cire batirin, na sa ta cikin mayafin da ya kawo, na ɗaure.

Washegari bayan la'asar tasi ta tsaya a ƙofarmu. Muka ji muryar mace, a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Salamu alaikum. Masu gida suna nan?"

Da Hausa. Hajja Fatma ce, ita kaɗai, da kwandon dabino. Inna ta ba ta tabarma, tsohuwar, ba sabuwar darduma ba. Ta zauna tana haki, ta dube ni.

"Na ji abin ke faɗi jiya. Na ji abin shi faɗi. Duka na ji."

Hausarta ta yara ce, ta tsaya a inda uwarta ta bar ta. Tana yi tana cikewa da Larabci. Ta ce tun ranar da aka kai ta gidan miji aka yi mata dariya da ta kira wani abu da sunansa na Hausa, ta kulle bakinta, ko 'ya'yanta ba su san tana ji ba. Ta ce Ouma ta sha gaya mata sunan garinsu, ita ma daga wajen Damagaram ne. Inna ta tambaye ta wace unguwa, ta ce ba ta sani ba, uwarta ma ba ta sani ba.

Ta tambayi tun yaushe ɗanta yake cin abincin gidan nan. Inna ta ce tun sanyi. Ta rufe fuska da gefen mayafi.

Wani buri ya taso mini, ko neman aure ta zo yi, ba zan ɓoye muku ba. Ita ce ta kashe shi da kanta, kuma na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba.

"Ba aure na zo nema ba, 'yata. Dangin mijina ba su yarda. Ni kuma ba ni da ƙarfi. Kuma shi bai kai ke ba."

Ta ce jiya da magariba ta je gidan mahaifin Ilham, ta faɗa masa duk abin da kunnenta ya ji, kuma ta faɗa masa da wane harshe ta ji shi. Abin da ta ɓoye tun tana amarya ta tona shi da kanta. Inna ta tashi ta ɗora shayi, ta zuba mata almon ɗin nan a kofi na uku. Na miƙa mata ƙullin mayafi da waya ta kai wa mai su.

Wannan bai canza mini komai ba. Manyan Ustaz ba su zo ba, magana ta ƙare. Muka sayar da firji da katifu, muka ɗaure sauran. Na je na tsaya a ƙofar tsohuwar makarantarmu, na zagaya kasuwar Jadid layi-layi kamar mai neman abin da ya faɗi. Shagon Sabiru a rufe, an ce ya kwance kekensa ya kai tasha. Inna ta tambaye ni me za a ce masa. Na ce a bar ni in fara ganin ƙasar da aka ce tawa ce.

Akwai abu ɗaya da ban faɗa muku ba. Jami'a ta amince wa Yousef ya bi hanyar Bilma da kansa don ya kammala bincikensa, kuma Baba ya yi masa alkawarin kujerar gaba a wannan tafiyar. Ran tashinmu da hantsi, ina saman kaya tare da Inna, na hango shi ya shigo tasha da jaka da naɗaɗɗiyar taswira, ya rame. Direbobi suna zaune a inuwar mota suna shayin sallama, Larabawa da Tubawa da Buzaye da Hausawa. Ya yi sallama, aka amsa, don sallama ta Allah ce. Ya durƙusa ya ce, "Ammi Barka," wato Baffa Barka. Baba ya ci gaba da zuba shayi, ya ba kowa nasa har yaran mota. Da ya zo kan kofin ƙarshe, ya kife shi a kan faranti a gaban Yousef, ya tashi ya tada mota.

Mahaifin Ilham ya mayar masa da zobensa da kayansa. Mahaifiyarsa ta daina cin abinci a kwano ɗaya da shi. Daga tashar Sabha har Gatrun babu direban da ya yarda ya ɗauke shi, ko da kuɗinsa. Binciken ya mutu, jami'a ta soke sunansa. Hanyar da yake koya wa yara bai taɓa ganin ta ba, sai a takarda.